Yadda Amurka Da Rasha Suka Yi Musayar Abokai A Kusurwar Afirka

Ran 2 ga watan Janairu na 1995 wani tsoho ɗan gudun hijira ya rasu a Ikko. Wannan tsoho kuwa shi ne Janar Muhammadu Siyad Barre, wanda ya mulki Somaliya shekara ashirin da ɗaya. A lokacin da aka ɗauki gawarsa zuwa garin Garbahare don a binne, ƙasar da ya bari ba ta da gwamnati, ba ta da soja. A daidai wannan lokaci kuma babban abokin gabarsa, Kanar Mengistu Haile Mariam na Habasha, yana can birnin Harare na Zimbabuwe, shi ma yana zaman hijira.

Waɗannan mutane biyu kowannensu ya taɓa zama ɗan gaban goshin Mosko, ƙasar kowannensu kuma ta taɓa karɓar makaman Washington. Labarin yadda manyan ƙasashen nan biyu suka yi musayarsu cikin shekara guda, kamar yadda dillalai ke musayar dabbobi a kara, abu ne da ya kamata duk mai kula da zaman lafiyar Afirka ya sani, domin wuraren da aka yi rububi a kansu a wancan zamani su ne dai ake rububi a kansu har yanzu.

Abin da ya jawo manya

Wanda ya duba taswira zai ga gabashin Afirka ya yi tsini cikin Tekun Indiya kamar ƙaho. Wannan yanki shi ake kira Kusurwar Afirka, ya kuwa ƙunshi Habasha da Somaliya da Jibuti da Iritiriya. A nan ne Bahar Maliya ta tsuke ta zama wani mashigi da ake kira Babul Mandab, wanda faɗinsa bai wuce kimanin mil ashirin ba. Duk jirgin ruwan da ya fito daga Asiya ko daga ƙasashen Larabawa masu mai, yana nufin Turai ta mashigin Suwez, tilas ya bi ta wannan ƙofa. Wanda ya mallaki tashar jiragen ruwa a bakinta ya sami abin da zai shaƙe wuyan cinikin duniya da shi.

Amurka ce ta fara kafa ƙafa. A cikin 1953 ta ƙulla yarjejeniya da Sarki Haile Selassie, ya ba ta wuri a Asmara ta kafa tashar sauraren saƙonni da ake kira Kagnew, ita kuma ta ɗauki nauyin horar da sojansa da ba su makamai. Har tsawon shekara ashirin da ɗoriya babu ƙasar baƙar fata ta Afirka da ta kai Habasha samun taimakon soja daga Amurka.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa tana nan tun kafin zuwan manyan. A ƙarshen ƙarni na sha tara aka rarraba ƙasar Somalawa tsakanin Ingila da Italiya da Faransa da Sarki Menelik na Habasha, wanda ya ci birnin Harar a 1887, ya kuma shimfiɗa ikonsa a kan filayen kiwo na Ogaden. Da yankin Ingila da na Italiya suka sami mulkin kai a 1960 suka haɗe suka zama Somaliya, sai suka sa tauraro mai tsini biyar a tutarsu. Tsini biyu na yankunan da suka haɗu ne, sauran ukun kuwa na Jibuti ne da arewa maso gabashin Kenya da Ogaden. Watau tun ranar farko tutar ƙasar tana shaida wa maƙwabta cewa akwai bashi.

Mai irin wannan buri yana bukatar soja. Ƙasashen Yamma sun yi wa Somaliya tayin taimako kaɗan, bisa sharaɗin kada ta karɓi na kowa. A 1963 Tarayyar Sobiyat ta yi tayin da ya ninka nasu wajen sau uku, Somaliya ta karɓa. A 1964 aka gwabza faɗan farko a kan iyaka, Sudan ta shiga tsakani aka tsagaita wuta. A wannan shekara ce Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta zartar a birnin Alƙahira cewa kowace ƙasa ta girmama iyakokin da ta gada ranar samun mulkin kai. Somaliya ta ce ba ta yarda ba.

Siyad Barre ya ƙwaci mulki ran 21 ga Oktoba na 1969, shekara ta gaba ya yi shelar bin tafarkin gurguzu. A watan Yuli na 1974 ya sa hannu a kan yarjejeniyar abuta da Mosko, irinta ta farko a Afirka kudu da Sahara. Rashawa suka sami tashar jiragen ruwa ta Berbera, suka gina mata rumbunan mai da wurin gyaran makamai masu linzami da wani filin jirgin sama mai tsawon fiye da kilomita huɗu. Somaliya kuma ta sami jiragen yaƙi samfurin MiG da tankoki wajen 250. Ƙasar makiyaya raƙuma ta wayi gari da rundunar da ta fi ƙarfin aljihunta nesa ba kusa ba.

Shekarar juyin waina

Watanni biyu bayan waccan yarjejeniya, ran 12 ga Satumba na 1974, soja suka tumɓuke Haile Selassie, wata majalisa tasu da ake kira Derg ta karɓi mulki. Sannu a hankali ta karkata ga gurguzu, ran 3 ga Fabrairu na 1977 kuma Mengistu ya kashe abokan hamayyarsa na cikin majalisar ya zama shi kaɗai ke da wuƙa da nama. Sabon shugaban Amurka, Jimmy Carter, ya rage taimakon soja saboda zubar da jinin da ake yi a Addis Ababa. Dama darajar Kagnew ta ragu a idon Amurka, tun da taurarin ɗan Adam sun soma yin aikinta. A watan Afrilu Mengistu ya rufe tashar ya sallami sojan Amurka, a watan Mayu ya sauka Mosko.

Nan fa Rashawa suka ga banza ta faɗi. Habasha ta ninka Somaliya yawan jama'a ninkin ba ninkin, ga gaɓar Bahar Maliya a hannunta a lokacin, ga hedkwatar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka. Sai suka yi tunanin riƙe duka biyun. A watan Maris na 1977 Fidel Castro na Kiyuba ya haɗa Mengistu da Siyad Barre a birnin Aden, ya kawo shawarar a kafa tarayyar ƙasashen gurguzu wadda za ta ƙunshi Habasha da Somaliya da Yaman ta Kudu. Siyad Barre ya ƙi, domin a wurinsa maganar Ogaden ta riga maganar aƙida.

Lissafinsa kuwa a fili yake. Habasha tana cikin ruɗani, 'yan tawayen Iritiriya sun kame yawancin garuruwan arewa, makamanta na Amurka sun soma rasa kayan gyara, na Rasha kuma ba su gama isowa ba. In bai kai hari yanzu ba, ba zai ƙara samun irin wannan dama ba. Saudiyya da Masar da Iran ta zamanin Shah suna zuga shi ya rabu da Mosko, daga Washington ma ya ga alamun da ya fassara da cewa za a tsaya masa. A ƙarshen watan Yuli Amurka ta ce ta yarda ta ba shi makaman kare kai.

Yaƙin Ogaden

A cikin wannan wata na Yuli sojan Somaliya suka tsallaka iyaka, suna fakewa da sunan ƙungiyar 'yantar da yammacin Somaliya. Suka yi ta cin gari bayan gari, aka datse hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Addis Ababa da Jibuti. A tsakiyar Satumba garin Jijiga ya faɗi, kusan kashi tara cikin goma na Ogaden ya koma hannunsu. Abin da ya tsaya musu shi ne Dire Dawa da Harar, da kuma jiragen F-5 na Amurka da matuƙan Habasha suka yi ta kakkaɓo jiragen MiG da su. Abin mamaki, makaman Amurka ne ke kare sabon abokin Rasha daga makaman Rasha.

Da Amurka ta tabbata cewa sojan gwamnati ne suka shiga ƙasar wani, sai ta janye alkawarinta. Rasha ma ta tsai da aika wa Somaliya makamai. Ran 13 ga Nuwamba na 1977 Siyad Barre ya soke yarjejeniyar abuta, ya kori mashawartan Rasha, ya yanke hulɗa da Kiyuba, yana sa ran Yamma za ta saka masa. Ya saki reshe, ya kama ganye.

Martanin Mosko bai ɗauki lokaci ba. Daga ƙarshen Nuwamba manyan jiragen sama da na ruwa suka yi ta sauke kaya a Habasha, har darajar makaman ta kai kimanin dala miliyan dubu. Sojan Kiyuba wajen 15,000 suka iso a ƙarƙashin Janar Arnaldo Ochoa, Janar Vasily Petrov na Rasha kuma ya tsara yaƙin. Cikin mashawartan da suka taru a Addis Ababa har da waɗanda suka yi shekaru suna horar da sojan Somaliya, sun san ƙarfinta, sun san rauninta. Ran 5 ga Maris na 1978 aka ƙwace Jijiga, ran 9 ga watan Siyad Barre ya yi shelar janye sojansa.

A Washington an yi ta ja-in-ja. Mai ba Carter shawara kan tsaro, Zbigniew Brzezinski, ya so a tura babban jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi zuwa yankin don a ja wa Rasha kunne. Sakataren harkokin waje, Cyrus Vance, ya ƙi, yana ganin rigima ce ta maƙwabta, Somaliya ce kuma ta fara. Ra'ayin Vance ya rinjaya, amma zargi ya riga ya shiga tsakanin manyan. Daga baya Brzezinski ya ɗora wa wannan yaƙi alhakin lalacewar sassaucin da aka samu tsakanin Amurka da Rasha. Yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya da suka sa wa hannu a Viyana a 1979 ba ta taɓa samun amincewar majalisar dattijan Amurka ba, musamman bayan Rasha ta shiga Afganistan a ƙarshen shekarar.

Masu sulhu sun zama 'yan kallo

Afirka ba ta rasa hanyar sulhu ba. Tun 1973 Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta kafa kwamitin ƙasashe takwas a ƙarƙashin jagorancin Nijeriya don sasanta Habasha da Somaliya. Kwamitin ya zauna a Libreville ta Gabon a watan Agusta na 1977, ana tsakiyar yaƙi. Wakilan Somaliya suka fice daga taron, kwamitin ya sake jaddada cewa iyaka ba ta taɓuwa, aka watse. Dalilin gazawar ba ɓoyayye ba ne. Mai shiga tsakani yakan ci nasara ne idan masu faɗa sun gaji, ko sun ga ƙarfinsu ya zo ɗaya. Amma muddin kowane ɓangare yana jiran jirgin makamai daga ƙetare, to, maganar ɗan'uwa ba ta da nauyi a kunnensa. A 1977 Somaliya ce ke ganin nasara a gabanta, ta ƙi saurare. A 1978 Habasha ce, ita ma ta ƙi.

A taron shugabannin Afirka da aka yi a Khartum a watan Yuli na 1978, shugaban Nijeriya, Janar Olusegun Obasanjo, ya faɗa wa ɓangarorin biyu gaskiya. Ya yarda cewa gayyatar Rashawa da 'yan Kiyuba aka yi, amma ya gargaɗe su kada baƙunta ta zarce ƙa'ida, domin Afirka ba ta sauke wani kaya don ta ɗauki wani ba. Ya kuma soki ƙasashen Yamma, waɗanda watanni biyu kafin nan suka sauke sojan laima na Faransa da Beljiyam a Kolwezi ta ƙasar Zayar. An yaba wa jawabin, amma bai mai da ko soja ɗaya gida ba. Da kwamitin sulhu ya sake zama a Ikko a watan Agusta na 1980 ya tabbatar da cewa Ogaden yankin Habasha ne, bindiga ta riga ta yanke wannan hukunci tun shekara biyu da suka wuce.

A cikin wannan wata na Agusta ne aka kammala musayar. Bayan faɗuwar Shah na Iran da shigar Rasha Afganistan, Amurka ta bukaci tashoshi kusa da Tekun Fasha, sai ta ƙulla yarjejeniya da Somaliya ta karɓi Berbera, watau tashar da Rashawa suka gina. Filin jirgin nan mai tsawo har hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta ware shi don saukar gaggawa ta kumbonta. Rashawa kuwa suka koma tsibiran Dahlak na gaɓar Iritiriya, bayan sun ƙulla yarjejeniyar abuta da Mengistu a watan Nuwamba na 1978.

Kura da shan bugu

Ga abin da ya rage wa masu gida. Dubban ɗaruruwan mutane suka gudu daga Ogaden zuwa sansanonin Somaliya. Gwamnati ta ce sun haura miliyan ɗaya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da adadin 700,000. Wata guda bayan janyewa, a watan Afrilu na 1978, wasu hafsoshi suka yi yunƙurin kifar da Siyad Barre. Waɗanda suka tsira, ciki har da Kanar Abdullahi Yusuf, suka gudu Habasha, Mengistu ya ba su makamai. A 1981 aka kafa wata ƙungiyar ta 'yan arewa, watau SNM, ita ma ta sami mafaka a Habasha. Siyad Barre kuma ya ci gaba da taimakon masu yaƙar Mengistu. Kowanne ya riƙa kiwon macijin da zai sari ɗan'uwansa.

A Habasha makaman Rasha suka juya arewa. A 1978 aka fatattaki mayaƙan Iritiriya har duwatsun Nakfa, amma aka kasa gamawa da su. Yawan makamai ya sa Mengistu ya ga ba shi da bukatar zama teburin shawara da kowa. A watan Satumba na 1984 ya yi gagarumin bikin cika shekara goma da juyin mulki, alhali yunwa tana kashe dubban ɗaruruwan talakawa a Wollo da Tigray.

Da Mikhail Gorbachev ya hau mulki a 1985 ya soma neman sulhu da Amurka, sai darajar abokan nan biyu ta faɗi. A watan Afrilu na 1988 Mengistu da Siyad Barre, kowanne wuta ta ci masa gida, suka yi yarjejeniyar daina taimakon 'yan tawayen juna. Wannan sulhu na dole shi ya buɗe wata sabuwar masifa. Da mayaƙan SNM suka ga za su rasa mafaka, sai suka auka wa Burao da Hargeisa a watan Mayu. Gwamnati ta mai da martani da igwa da jiragen sama, aka ragargaza Hargeisa, dubban fararen hula suka hallaka.

A farkon watan Janairu na 1991, da yaƙi ya shiga Mogadishu, jiragen Amurka masu saukar ungulu suka kwashe baƙi daga ofishin jakadancinta. Cikin waɗanda aka kwashe har da jakadan Tarayyar Sobiyat da ma'aikatansa. Manyan da suka shekara talatin suna takara a kan wannan ƙasa suka fita tare, suka bar rumbunan makamai a buɗe. A ƙarshen watan Siyad Barre ya tsere daga birnin, ran 21 ga Mayu kuma Mengistu ya hau jirgi zuwa Zimbabuwe. A cikin wannan wata arewacin Somaliya ya ɓalle da sunan Somaliland. Iritiriya ta sami 'yanci a 1993, Habasha ta wayi gari ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya. Yunwar 1992 ta ci rayukan Somalawa fiye da 200,000. Nijeriya ma ta ɗanɗana, domin a watan Satumba na 1993 an kashe sojanta bakwai a Mogadishu suna aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tsohuwar kasuwa, sababbin 'yan ciniki

Yaƙin cacar baka ya ƙare, amma Babul Mandab bai gusa daga inda yake ba. Ƙaramar ƙasar Jibuti, wadda ta sami mulkin kai a watan Yuni na 1977, ana gab da fara yaƙin Ogaden, ta mai da ba da hayar sansani sana'a. Ban da Faransa da ta daɗe a can, Amurka ta shiga sansanin Lemonnier a 2002, Japan ta buɗe nata a 2011, Sin kuma a 2017 ta buɗe sansaninta na farko a wajen ƙasarta, 'yan kilomitoci kaɗan daga na Amurka. A wannan shekara Turkiyya ta buɗe babban sansanin horar da soja a Mogadishu. Berbera kuwa a 2016 aka damƙa aikin tasharta ga kamfanin DP World na Dubai. Rasha ma a 2020 ta bayyana shirin kafa tashar sojan ruwa a gaɓar Sudan. Hare-haren da 'yan Huthi na Yaman suka soma kai wa jiragen ruwa a ƙarshen 2023, waɗanda suka sa manyan kamfanoni zagayawa ta kudancin Afirka, sun ƙara wa wannan gaɓa tsada.

Tsohuwar tsagar ma ba ta toshe ba. Ran 1 ga Janairu na 2024 Habasha ta ƙulla yarjejeniya da Somaliland don samun hanyar teku. Somaliya ta ce an keta mata haddi, a watan Agusta ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Masar, wadda dama take da rigima da Habasha a kan madatsar ruwan Nilu. Da aka zo sasantawa a watan Disamba, a birnin Ankara aka zauna, shugaban Turkiyya ne ya shiga tsakani, ko da yake hedkwatar Tarayyar Afirka tana cikin babban birnin ɗaya daga cikin masu rigimar.

Akwai bambanci tsakanin jiya da yau. A da manya biyu ne, kowanne da aƙidarsa. Yanzu masu neman wuri sun yi yawa, ƙaramar ƙasa mai wayo tana iya cin riba daga takararsu, kamar yadda Jibuti ke karɓar kuɗin haya daga masu gaba da juna. Amma abin da 1977 ta nuna bai sake ba. Rasha ba ta ƙi Siyad Barre don ya yi mata laifi ba, ta ga wanda ya fi shi amfani ne. Amurka ba ta karɓe shi don ta yarda da haƙƙinsa ba, tashar Berbera take so. Babba yana ƙaunar wuri ne, mai wurin kuwa ana iya sake shi kowane lokaci. Makaman da aka bayar cikin wata shida sukan yi shekara talatin suna aiki, a kan mutanen da ba a yi shawara da su ba ranar da aka sauke su. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Rigimar iyaka da maƙwabta suka kasa kashewa a tsakaninsu, baƙo ba zai kashe musu ita ba, sai dai ya sayar wa kowanne abin da zai tsawaita ta, ranar da cinikinsa ya ƙare kuma ya naɗe tabarmarsa.